Mutumin da Ya Gyara Gonar Aro

A wani ƙauye da ke gindin dutse, inda ruwan sama yake sauka da yawa kowace shekara, an yi wani mutum wanda ba shi da gonar kansa. Baƙo ne a garin. Ya zo da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, da fartanyarsa, da awaki uku. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya raina aiki, amma bai gāji ko taƙi ɗaya na ƙasa a wurin ba.

A garin kuwa akwai wani dattijo mai gonaki da yawa. Sai mutumin ya tafi wurinsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, aron gona na zo nema, in sami abin da zan ciyar da iyalina."

Dattijon ya dube shi, ya ce, "Akwai wata a kan hanyar rafi. Ɗana na ajiye wa ita. Yana aiki a birni, ya ce bayan shekara uku zai dawo gida ya kama noma. Ka noma ta damina uku. In ya dawo, sai ka mayar."

Mutumin ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya sāka da alheri. Damina uku, ba zan ƙara ko kwana ɗaya ba."

Ya koma gida da murna. Da ruwa ya sauka ya yi huɗa, ya shuka masara. Masara ta tsiro sarai, ya zuba mata takin zamani kamar yadda ya ga kowa yana yi. Amma da ta kai gwiwa sai ta tsaya. Ganyenta ya koma ruwan ɗorawa, bakin ganyen ya bushe kamar an kai masa wuta. Da kaka ta yi, goyon da ya samu ƙanana ne, rabinsu ma ba ƙwaya.

Mutumin bai yi gunaguni ba. Ya ce wa matarsa, "Taki ne bai isa ba. Baɗi zan ƙara."

A damina ta biyu ya sayar da akuya ɗaya, ya sayi takin zamani ninkin na bara, ya zuba duka. Ya yi noman fari, ya yi maimai, bai bar ciyawa ko ɗaya ba. Duk da haka masarar ta sāke tsayawa a gwiwa, har ta fi ta bara ramewa. Wata rana ya tumɓuke kara ɗaya ya duba. Sai ya ga saiwar gajera ce, a dunƙule, kamar an datse ta da wuƙa. Ya tsaya da karan a hannu, ya rasa abin da ke damun gonar.

Bayan girbi, ran kasuwa, wani malamin gona ya zo garin. Mutumin ya bi shi ya roƙe shi ya zo ya duba masa. Malamin ya zo, ya zagaya gonar, ya ɗebi ƙasa nan da can, ya haɗa a kwano, ya dama da ruwa. Sai ya ciro wata 'yar takarda ya tsoma a ciki. Takardar ta canza launi, ta yi ja.

Malamin ya ce, "Ƙasar nan ta yi tsami."

Mutumin ya ce, "Tsami, Malam? Kamar kunu?"

Malamin ya yi dariya, ya ce, "Kamar kunun da ya kwana uku. Ruwa mai yawa ya wanke mata daɗinta shekara da shekaru. Kuma an daɗe ana zuba mata takin zamani zalla, ba a ba ta takin gida. Ka taɓa ganin wanda bakinsa ya yi gyambo? Ko ka ajiye masa tuwo da miyar nama, sai dai ya kalla. Haka masararka take. Abinci yana gabanta, ka kawo mata da yawa, amma saiwarta ba ta iya ci."

"To, Malam, akwai magani?"

"Akwai. Farar ƙasa ta gona, wadda ake niƙawa daga dutse ta yi laushi kamar gari. Ka barbaɗa ta ko'ina, ka juya ta cikin ƙasa tun da sauran wata biyu ko uku a yi shuka. Ita ce take kashe tsamin. Sa'an nan ka haƙa rami ka tara takin gida, kara da ganye da kashin dabbobi da toka, ka riƙa yayyafa ruwa kana juyawa har ya ruɓe. Shi ne zai sa ƙasar ta riƙe laima da abinci. Takin zamani kuwa kada ka haɗa shi da farar ƙasa rana ɗaya. Bari sai shuka ta tsiro, ka ba ta kaɗan. Kaɗan ɗin zai fi maka mai yawan da ka zuba bana."

Fuskar mutumin ta washe. Ya ce, "Yaushe zan ga amfaninsa?"

Malamin ya ce, "Farar ƙasa ba ta gaggawa. Damina mai zuwa za ka ga kaɗan. Ta bayanta za ta fi. A ta uku ne gonar nan za ta nuna maka ko ita wace ce."

Mutumin ya lissafa daminan a ransa. Can ya ce, "Malam, damina ɗaya ta rage mini. Gonar aro ce."

Malamin ya kakkaɓe hannunsa, ya ce, "To, wannan kam ba takardata ce za ta auna maka shi ba."

Akwai wani maƙwabcin gonarsa da ya tsaya yana jin duk abin da aka faɗa. Da malamin ya tafi, sai ya matso ya ce, "Abokina, kada ka yi wauta. Za ka sayar da abin hannunka ka gyara wa ɗan birni gona? Ka zuba abin da kake da shi, ka kwashi abin da ta ba ka, ka kama gabanka. Wa zai sani? Ko mai gonar bai san tana da tsami ba."

Maganar ta shiga kunnen mutumin. Ba ƙarya maƙwabcin ya yi ba. Awaki biyu suka rage masa, kuma farar ƙasar da za ta ishi gonar sai ta cinye ɗaya.

Da la'asar ya iske matarsa tana sussukar 'yar dawar da aka ba ta ladan aiki. Ya zauna a kan wani kifaffen turmi ya kwashe labarin duka ya faɗa mata, har da shawarar maƙwabcin.

Matar ta ajiye taɓarya, ta ce, "Maigida, ni dai ban san noma kamar kai ba. Amma in na ari tukunya a maƙwabta, ko da ƙanzo ta zo mini, sai na kankare ta nake mayarwa."

Ya ce, "Uwar Kande, wannan ba tukunya ba ce. Akuya za ta ci."

Ta ce, "Na sani. Ni nake ba ta dusa, ai ni zan fi ka jin tafiyarta. Ban ce ba zafi ba."

Sa'an nan ya ce, "Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, malamin ya ce takin zamani zalla yana ƙara tsamin. Ni kuwa shekara biyu ina tula mata shi. Ashe da hannuna a cikin ciwon gonar nan. Dattijon nan ya ba ni ita ba don na biya shi kome ba. Yaya zan mayar masa da ita ta fi yadda na same ta lalacewa, in kuma ce na gode?"

Matarsa ta ɗauki taɓaryarta, ta ce, "To, ai ka gama magana."

Washegari ya haƙa rami a gindin wata bishiya a bakin gonar. Duk ranin nan iyalin ba su zubar da kome ba. Tokar murhu, ɓawon gyaɗa, sharar tsakar gida, kashin awaki da na kaji, duk ramin ake kaiwa. Yana ɗebo ruwa daga rafi yana yayyafawa, yana juyawa. Da fari abin yana wari, masu wucewa suna toshe hanci. Daga baya warin ya tafi, takin ya yi baƙi, ya yi laushi, yana ƙamshi kamar ƙasar da ruwan fari ya taɓa.

Ya sayar da akuyar, ya sayo farar ƙasa. Ran da ya barbaɗa ta, iska ta riƙa mayar masa da ita a fuska. Idanunsa suka yi ja suna hawaye, hancinsa yana zafi. Ya dawo gida fari fat tun daga kai har ƙafa, 'ya'yansa suka yi ta dariya har suna riƙe ciki, shi ma ya taya su. Da aka yi yayyafin farko ƙasa ta yi taushi, ya bi gonar da garma ya juya farar ƙasar ta shige ciki. Ya jira. Sa'an nan ya kwashe takin ramin kwando kwando ya baza. Da damina ta kankama ya yi shuka, da shuka ta tsiro ya ba ta takin zamani kaɗan, gwargwadon abin da malamin ya ce.

A wannan shekara masara ta wuce gwiwa, ta wuce ƙugu, ta kai masa kafaɗa. Ba ta kai ta masu gona mai kyau ba, amma ganyenta kore ne, goyonta kuma da ƙwaya. Suka ci gasasshiyar masara a bakin gona, su huɗu. Abin da suka girbe ya wuce rabin rumbu. Mutumin ya ɗaga hannu ya gode wa Allah, ya ce, "Ya isa. Bana ba za mu kwana da yunwa ba."

Bayan kaka ɗan dattijon ya dawo daga birni kamar yadda aka faɗa. Mutumin ya tafi wurin dattijon ya durƙusa, ya ce, "Baba, damina uku ta cika. Ga gonarka, na gode." Bai ambaci farar ƙasa ba, bai ambaci akuya ba. Dattijon ya sa masa albarka, ya sallame shi.

Ya nemi wata gonar aro a ranin nan bai samu ba. Saboda haka da damina ta huɗu ta zo, ya ɗauki fartanyarsa ya shiga ƙwadago, yau a gonar wannan, gobe a gonar wancan. Matarsa tana ƙuli-ƙuli tana sayarwa. Ba su yi arziki ba, ba su kuma rasa tuwon dare ba.

Wata rana aka kira 'yan ƙwadago su yi maimai a gonar ɗan dattijon, mutumin yana cikinsu. Da ya iso bakin gonar sai ya tsaya cik. Masara ta fi tsawonsa, ganyenta kore shar har yana ɗaukar baƙi, kowane kara da goyo mai kauri. Zuciyarsa ta ɗan sosu, gama shi mutum ne, ya tuna da akuyarsa. Amma da ya sunkuya ya sari ƙasa, sai ya ga ta yi laushi, ga tanar ƙasa tana motsi a ciki, abin da bai taɓa gani a gonar ba a shekarunsa na fari. Murna ta kama shi. Ya shiga kunyoyin gonar yana noma yana waƙa, har ya bar sauran a baya.

Ashe dattijon yana zaune a inuwa a bakin gonar, ya zo ganin amfanin ɗansa. Da rana ta take aka tsaya shan ruwa, sai ya aika a kira masa mutumin.

Ya ce, "Ɗana ya kira malamin gona ya duba masa ƙasar nan kafin shuka. Malamin ya ce ya san gonar, ya kuma faɗa masa yadda ya same ta da abin da ka yi mata. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Ka san ba kai za ka ci moriyarta ba?"

"Na sani, Baba. An faɗa mini tun farko."

"To, don me?"

Mutumin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, taka ce, ka amince mini da ita. Na ci daga cikinta shekara uku. Ban so in mayar maka da ita da ciwo ba."

Dattijon ya gyaɗa kai. Sa'an nan ya ce, "Ina da wata a hayin rafi. Ta ninka wannan girma. Shekara goma ke nan ba wanda ya yarda ya sa mata fartanya, ɗana ma ya ƙi ta, domin kome aka shuka ba ya yi. Ina jin ciwonsu ɗaya da wannan. Ka karɓe ta. Ba zan yanka maka damina ba. Ka noma ta muddin ranka, 'ya'yanka kuma su noma bayanka. Zan tara dattawa in faɗa a gabansu."

Da yamma mutumin ya ɗauki matarsa suka haye rafi su gani. Fili ne babba, jar ƙasa mai tauri, ba kome a kai sai busasshiyar ciyawa jefi-jefi. Matar ta riƙe haɓa, ta ce, "Maigida, wannan ai ta fi waccan lalacewa."

Ya ɗebi ƙasar ya murza a tafin hannunsa, yana murmushi. Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Amma yanzu mun san sunan ciwon. Nuna mini inda kike so a haƙa ramin."

'Yan'uwa, yara da manya, labarin ya ƙare a nan. Bari in buɗe muku abin da misalin yake nufi.

Mai gonar shi ne Allah. Gonar aron kuwa ita ce duk abin da ya danƙa a hannunmu na ɗan lokaci. Ranka aro ne. 'Ya'yan da kike goyo aro ne. Ajin da kake koyarwa, gidan hayar da kuke ciki, aikin da aka tura ka ka yi shekara biyu a wani gari, har da wannan ikkilisiya tamu, duk za mu mayar wata rana, wani kuma ya karɓa.

Tsamin ƙasa shi ne abin da ya daɗe a zuciya har muka saba da shi. Wani riƙo ne, ba ya magana da ɗan'uwansa tun ran rabon gādo. Wata ɗacin rai ne saboda maganar da aka faɗa mata shekara bakwai da suka wuce. Wani kuma zunubi ne da ya ɓoye, ba wanda ya sani. Daga waje gona ce kamar kowace gona. Sai mutum ya ga ba ya girma, ya ce wa'azi ne bai isa ba. Ya ƙara zuwa taro, ya shiga ƙungiyar mawaƙa, ba ya fashin addu'ar safe. Waɗannan duka abinci ne mai kyau, kada wani ya fita ya ce na hana. Takin zamani bai yi laifi ba, mutumin ma ai ya zuba shi a shekara ta uku, ya kuwa yi amfani. Amma zuciyar da ta yi tsami tana jin Maganar Allah kowace Lahadi, ta koma gida da yunwa.

Farar ƙasa ita ce tuba da gafara. Kun ji yadda ta sa mutumin hawaye. Haka take. Ka tashi ka je ƙofar wanda ka ɓata wa rai ka ce, "Na yi kuskure, ka yafe mini," wannan yana da zafi a ido. Kuma ba a barinta a sama don mutane su ga fari, sai an juya ta ta shiga ciki. Ba ta kuma aiki rana ɗaya. In ka nemi gafara yau, gobe ba ka ga gidanka ya sāke ba, kada ka ce ba ta yi ba. Tana aiki a inda ido ba ya kaiwa.

Ramin taki kuma, ku tuna ba a zuba zinariya a ciki ba. Shara ce da toka. Ƙananan abubuwan da muke rainawa ke nan, gaisuwa, haƙuri da mai saurin fushi, ɗebo wa tsohuwa ruwa, karanta wa yara aya ɗaya kafin su ci abinci. Har da baƙin cikin da muka sha da kurakuran da muka yi, in muka kai su gaban Ubangiji, yakan mai da su abin da zai ciyar da wani.

Akwai wuri biyu da misalin bai kai ba, dole in faɗa muku. Dattijon bai san abin da mutumin ya yi ba sai da aka gaya masa. Allah kuwa yana gani tun ran da aka haƙa ramin. Mutumin kuma sai da ya sayar da akuyarsa ya sami farar ƙasa, amma gafarar da take kashe tsaminmu Ubangiji ya riga ya biya, kyauta muke karɓa.

Abu na ƙarshe. Wataƙila a cikinmu akwai wadda take riƙon ɗan 'yar'uwarta, ta san in ya girma danginsa za su zo su ɗauke shi. Akwai malamin da yake fama da yaran da ba za su tuna sunansa ba. Muryar maƙwabcin nan za ta zo muku, ta ce, "Ba naka ba ne, wa zai sani?" Kada ku saurare ta. Ku gyara abin da aka ba ku, ko da wani ne zai girba. In kuwa Mai gona ya kira ku ya nuna muku wani fili da ya fi na dā tauri, kada ku ce ya hukunta ku. Ba kowa yake ba irin wannan fili ba. Ya ga hannunku ne, ya amince da ku.